Alhaji Muhammadu Dikko, Durɓin Da Ya Zama Sarki



Kwanakin baya na tambayi 'yan matan ajina a nan Ƙanƙara abin da kowaccensu take so ta zama in Allah ya raya ta. Wasu suka zaɓi likita, wasu lauya, wata kuwa ba ta ɓoye ba, ta nuna ita dai matar babban mutum take so ta zama, a riƙa zuwa gaishe ta ana durƙusawa. Aji ya kwashe da dariya. Ni kam ban yi ba, domin da na bi masu son likitancin da tambaya, sai na tarar da yawansu ko jini ba su iya kallo. Sunan suke so, da farar riga, da yadda mutane kan miƙe in likita ta shigo. Ba wadda ta zaɓi aikin malanta, alhali kuwa malama ce tsaye a gabansu da alli a hannu. Ban ga laifinsu ba. A gidajenmu suka ji yadda muke auna mutane, mu iyaye, in mun zauna wurin biki muna lissafin wadda ta yi sa'ar miji da wadda ta faɗi.

Wannan ne ya sa yau na ɗauko muku tarihin wani mutum da ya nemi girma ya samu, har samun nasa ya sake wa ƙasar Katsina duka hanyar neman girma, maza da mata. Shi ne marigayi Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko.

An haife shi a shekarar 1865. Mahaifinsa Gidaɗo shi ne Durɓin Katsina, daga cikin Fulani Sulluɓawa. To, kafin mu ci gaba, ya kamata ku 'yan makaranta ku san irin duniyar da ya buɗe ido a cikinta, don ba irin taku ba ce. A wancan zamani mutum yakan tarar da matsayinsa yana jiransa tun ran suna. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan mahauci mahauci ne, ɗan makaɗi ganga zai rataya, kuma a nan cikin irinsa zai nemi aure. Wanda ya shiga sana'ar da bai gada ba akan kira shi shigege, kuma ba yabo ba ne. Ƙofofin da talaka kan bi ya ɗaga sama kaɗan ne: ko ya yi karatu ya zama malami, ko ya yi fatauci ya tara dukiya, ko ya nuna jarumtaka a fagen fama, ko kuwa ya kama ƙafar wani babba ya yi barantaka har a tuna da shi. Mace kuwa darajarta tana rataye ga uba, sa'an nan ga miji, sa'an nan ga ɗa.

Su ma masu sarautar kowa da iyakarsa. Tun da aka ci Katsina a lokacin jihadi, wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sarautar ta zauna a gidansa, watau gidan Dallazawa, har kusan shekara ɗari. Durɓi babban basarake ne ƙwarai, domin yana cikin manyan nan huɗu masu zaɓen sarki, shi da Ƙaura da Galadima da 'Yandaka. Amma mai zaɓen sarki ba ya zama sarki. Kamar arwanka ce: ita za ta sa amarya a lalle, ta wanke ta, ta shirya ta, amma ba ita ake kai wa ɗaki ba. Watau ɗan Gidaɗo, kome ƙoƙarinsa, rawanin Durɓi shi ne ƙarshen tsaninsa, kuma kowa a Katsina ya san haka, har shi kansa.

Ya yi karatun allo kamar kowane ɗan Musulmi, ya tashi a kan doki. Lokacin nan ba zaman lafiya. Sarakunan Haɓe da aka kora daga Katsina sun kafa Maraɗi, kuma daga can suke kawo hari shekara da shekaru, suna ƙone garuruwa suna kwasar mutane, har zuwa wannan yanki namu na kudu da yamma. Shi ya sa tsofaffin garuruwanmu kuke ganin kufan ganuwa, wasu kuma an kafa su a gindin duwatsu. A cikin irin waɗannan yaƙe-yaƙe Dikko ya yi suna, aka kuma naɗa shi Durɓi tun bai kai shekara talatin ba. Da duniya ta tsaya yadda take, da nan labarinsa ya ƙare, da yau sai masu bin jerin hakiman Mani ne kaɗai za su san sunansa.

Sai ga shekarar 1903. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, sa'an nan Gwamna Lugga ya nufo Katsina. Sarkin Katsina na lokacin, Abubakar, ya ga abin da ya sami na gaba, bai yi faɗa ba. Lugga ya shiga birni ta Ƙofar 'Yandaka ba a harba ko kibiya ba. Aka bar wa Katsina baƙi waɗanda ba wanda ya gayyace su, suna bukatar masauki, da abinci, da ingiricin dawaki, da 'yan ɗaukar kaya. Hidimarsu ta faɗa hannun Durɓi Dikko.

A nan ne fa hanya ta rabu biyu. Manyan Katsina da yawa suna ƙyamar Nasara, ba su son ko haɗa ido da su, suna ganin ko ba jima ko ba daɗe za su tattara su tafi. Abin da aka ce su yi sai su yi shi da sanyin jiki, gaba ɗaya baya biyu. Dikko kuwa ya auna ya ga mutanen nan ba tafiya za su yi ba. Abin da suka nema ya kawo da wuri, ya koyi halinsu, ya san abin da ke faranta musu da abin da ke ɓata musu rai, har ya zama in suna son a yi wani abu a Katsina, Durɓi suke nema.

Ba a cika shekara biyu ba Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar. Cikin laifin da aka ɗora masa har da zancen mushen kare da aka ce an jefa a rijiyar da suke shan ruwa, kuma har yau akwai Katsinawan da ke ganin makirci ne aka ƙulla masa. Aka kai shi Ilori. Aka naɗa Yero, shi ma Badallaje. A farkon 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka tayar wa Turawa, suka kashe musu jami'ai da sojoji, hankalin Turawa ya tashi a ko'ina cikin Arewa, suna duban kowane sarki da ido biyu. Baturen da ke Katsina a lokacin, Mista Palmer, bai yarda da Yero ba, Durɓi kuwa ya tsaya tare da su a wannan tsaka mai wuya. Kafin shekarar ta fita aka tuɓe Yero aka kai shi Lakwaja. Da aka zo naɗa wani, Palmer ya tsallake gidan Dallazawa duka, da 'ya'yan sarki da jikokin sarki, ya tsaya a kan Durɓi. A watan Nuwamba na 1906 aka ba Muhammadu Dikko riƙon sarauta, aka tabbatar masa a farkon 1907. Arwanka ta shiga ɗakin amarya.

Na san za ku tambaye ni, to wannan hangen nesa ne ko kuwa kwaɗayi? Na daɗe ina juya abin a raina. Masu yabonsa suna cewa ya tsare Katsina daga abin da ya sami Satiru, wadda aka shafe ta daga doron ƙasa, kuma wanda ya ga ruwa ya ci gari ba ya tsayawa gardama da kogi. Masu suka kuwa suna cewa ubangidansa ne ya aike shi wurin baƙi, ya dawo da rawanin ubangidan a kansa. Ni dai a ganina duka biyun gaskiya ne, kuma ba sa rabuwa. Mutumin da ba ya son girma ba zai jure shekara uku yana hidimar da sa'o'insa suke ganin ƙasƙanci ce ba. Mutumin da ba shi da kaifin hankali kuma, ko ya so girman, ba zai gane ta inda zai ɓullo ba. Abin da dai ba na so ku manta shi ne, kujerar da ya hau ba fanko ya same ta ba. Mutum biyu aka fitar daga gidansu da garinsu, da matansu da 'ya'yansu, kuma mu mata mun fi kowa sanin abin da ake nufi da a wayi gari a ce matar sarki ta ɗaure kayanta ta bar ɗakinta.

Samun sarauta daban, zama a kanta daban. Birni bai karɓe shi hannu biyu-biyu ba, domin ga mutane da yawa shi sarkin Nasara ne, ba ya da gadon gidan. Wanda bai gaji abu ba kuwa sai ya yi ninkin aikin magaji kafin a yarda da shi. Ina ganin wannan shi ne mabuɗin sauran rayuwarsa. Da farko ya kafa ƙafafunsa yadda masu mulki kan yi: a hankali a hankali manyan muƙamai da gundumomi da yawa suka koma hannun 'yan'uwansa da 'ya'yansa da amintattunsa, Dallazawa suka ja baya. Sa'an nan ya shiga yin abin da babu sarkin da ya riga shi yi, kusan a kowane fanni, kamar mai son ya nuna wa Turawa ba su yi zaɓen tumun dare ba, ya kuma nuna wa Katsinawa abin da ya iya kawo musu.

A Katsina aka fara gwada Baitulmali irin na En'e, inda harajin ƙasa ke shiga a rubuce, a raba kason Gwamnati da na En'e, sarki da hakimai da alƙalai su koma karɓar albashi. Aka kuma fitar da hakimai daga birni, kowa ya je ya zauna cikin gundumarsa ya tara haraji da jangali, maimakon ya zauna a fada yana aika jakadu. Ku duba abin da wannan ya haifar. Da can girma yana ga mai doki da mashi da bayi. Yanzu yaƙi ya ƙare, cinikin bayi ya mutu, girma ya koma ga mai muƙami da albashi. Kuma Baitulmali ba ya tafiya sai da masu rubutu da lissafi: ma'aji, da magatakarda, da malaman haraji, da malaman kotu, daga baya ga malamin daji, ga malamin gona, ga malamin asibiti. Gidan hakimi irin na Sarkin Pauwa a nan Ƙanƙara, ko na Faskari, dole a ga malami zaune da alƙalami da babban littafi. Sabon tsani ya kafu ke nan, kuma matakinsa na farko makarantar boko ce. Talaka kuwa, kada mu ɓoye, shi ne ya ɗauki tsanin a ka, domin daga gonarsa albashin ke fitowa, kuma harajin kuɗi ne ya tura shi noman auduga da gyaɗa ko yana so ko ba ya so.

Abin mamaki, da farko manya ba su gane ba. Lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, aka nemi sarakuna da hakimai su kawo 'ya'yansu, da yawa sai suka ɓoye nasu suka tura 'ya'yan bayi da na barori, suna ganin sun yi dabara. Bayan shekara ashirin sai ga ɗan baran nan ya dawo shi ne mai karanta takardar Razdan, ɗan gida kuwa yana tsaye yana jiran a fassara masa. Dikko bai yi wannan kuskure ba. Shi bai yi boko ba, amma 'ya'yansa da jikokinsa ya sa su, ya kuma matsa wa hakimansa su sa nasu.

Saboda irin wannan hali nasa ne, tare da tsohon sunan da Katsina ta yi wajen ilmi tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, aka kafa babbar makarantar horon malamai ta Arewa a garinsa. Ɗalibai sun fara a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga can ta koma Zariya a 1949, yau ake kiranta Barewa. An gina ta ne don a sami malaman da za su koyar a makarantun larduna. To amma ku bi sawun ɗalibanta ku gani. Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 ya ajiye alli ya zama hakimin Raɓa, a 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba aka naɗa shi Sardauna, a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarki ba ne, ya koyar a Bauci shekaru, a 1957 ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina, a 1939 ya koma aikin jarida a Zariya. Kashim Ibrahim na Barno malami ne kafin ya zama Gwamnan Jihar Arewa. Ƙasa ta amfana da su, ba mai musu. Amma tun daga kansu aka koyi ɗaukar aji a matsayin zaure, wurin da akan tsaya kafin a shiga cikin gida. Ni da nake cikin aikin nan ina gani da idona: malami mai ƙwazo, wanda yara ke fahimtar darasinsa, da zarar ya ji an buɗe wata ƙofa a ofis ko a siyasa sai ya kama hanya, ba don ya ƙi yaran ba, sai don in ya je neman aure ana tambayar aikinsa a yamutsa fuska. Ga 'yan matan ajina nan sun riga sun koya.

A 1921 Dikko ya yi abin da ya girgiza mutane. A lokacin mai niyyar hajji daga ƙasar Hausa da ƙafa yake tafiya, ko a kan jaki, ta Barno da Wadai da Sudan, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago, tafiyar takan ci shekaru, da yawa kuma ba su dawowa. Sarki mai ci ba ya barin ƙasarsa haka. Shi kuwa ya gangara Ikko ya shiga jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, ya gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar a London, sa'an nan ya wuce Makka ya sauke farali ya komo gida. Shi ne na farko cikin sarakunanmu na zamanin Turawa da ya yi hajji yana kan gado, kuma cikin ayarin har da ɗansa Usman Nagogo, yana saurayi. Ya sake komawa Ingila ba sau ɗaya ba, har da tafiyar 1933, aka kuma ba shi lambar girma ta C.B.E. Ku lura da yadda tafiya guda ta ba shi riga biyu: a idon Turawa ya zama sarkin da ya ga fadar Ingila, a idon Musulmi ya zama Alhaji, a zamanin da alhazan gari ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wanda ake yi wa gorin sarkin Nasara ya taka inda masu gorin ba su taka ba. Niyyar zuciya Allah kaɗai ya san ta, tasa da tamu. Sai dai in mun ga yau wata ta sayar da gonar gado don a daina kiran sunanta gatsau a wurin biki, ta dawo tana murmushi da haƙorin Makka, to mu san abin yana da tsohon tushe.

Son dawaki kuwa bai rabu da shi ba har ya tsufa. Da yaƙi ya ƙare sai ya mai da ƙarfinsa ga kiwonsu da sukuwa, ya kuma kafa wasan ƙwallon dawaki, watau folo, a Katsina, 'ya'yansa suka ƙware har suna cin Turawa a wasan da Turawan suka kawo. Nagogo ya zama gwanin da ake labari a Nijeriya duka. Ba na tsammanin wasa kawai ne. A filin folo ne kaɗai ɗan sarki kan kafaɗa da Baturen mulki ya ture shi, a tashi a yi musafaha.

Yanzu bari in zo ga namu. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Arewa, ɗaya a Kano ɗaya a Katsina, Turawa mata ne ke koyarwa. A lokacin, a ce 'ya mace ta fita ta zauna gaban Baturiya ta koyi boko, abu ne da mafi yawan iyaye ba su ko son ji. Dikko ya karɓi abin, ya sa makarantar a inuwar fada, aka fara da 'yan matan gidan sarauta da na fadawa da ma'aikata, don kada wani ya ce an kai 'yarsa inda sarki bai kai tasa ba. Wannan alheri ne da ya kamata kowace 'yar makaranta a ƙasar Katsina ta san da shi, domin ba don wani mai ƙarfi ya fara sa nasa ba, da an daɗe ba a fara ba.

Amma me ake koya musu? Tsabta, da renon yara, da ɗinki, da saƙa, da ɗan karatu da rubutu da lissafi. Kuma don me? Babban dalilin da aka bayar shi ne, ga samari suna fitowa daga Midil da Kwaleji suna zama malamai da ma'aikatan En'e, ya kamata a tanadar musu matan da suka dace da sabon matsayinsu, masu iya gyara gida da karɓar baƙi. Watau ilmin namiji tsani ne da zai hau, ilmin mace kuwa ado ne da za a ƙara wa mai hawan. Yarinya takan yi 'yan shekaru kaɗan, da ta isa aure a cire ta. Sai a 1939 aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato, shekara goma sha bakwai bayan ta maza.

'Yan'uwa, wannan tunani bai mutu ba, tufafi kawai ya sake. Sau nawa uwa takan zo wurina ta ce a taimaka 'yarta ta gama sakandare, in na tambayi dalili sai in ji ai masu kuɗi da ma'aikata yanzu ba su auren wadda ba ta yi makaranta ba? Sau nawa aka cire mini yarinya mai kai, wadda ke gaba da maza a lissafi, saura shekara guda ta gama, don wani mai mota ya fito kuma ana tsoron kada ya kuɓuce? Takardar shaida ta zama kamar kwalla da tangaran na jere: a ajiye a bango baƙi su gani, ba a ci a ciki ba. Sa'an nan in auren ya mutu, ko mijin ya faɗi daga muƙaminsa, kamar yadda Abubakar da Yero suka faɗi daga abin da ya fi kowane muƙami, sai ta dawo gidan uba da 'ya'ya uku, ba sana'a, ba takarda. Waccan yarinya da aji ya yi wa dariya ta fi sauran gaskiya ne kawai, ta faɗi abin da aka shirya makarantar mata a kansa tun ran farko. Ku kuma masu son likitanci, in har jinyar mutane kuke so, Allah ya ba ku, muna matuƙar bukatarku, domin matan ƙauyukanmu har yau suna mutuwa wurin haihuwa saboda rashin mace mai duba su. In kuwa farar rigar ce kawai, to ku sani shekarun karatun suna da yawa, kuma dare a ɗakin masu naƙuda ba ya san riga.

Mu koma ga Sarki. Abu guda ya rage masa, shi ne kada sarautar ta zama ta mutum ɗaya, ta koma gidan da ta fito ran da ya kwanta dama. A kan wannan ya yi shiri na shekaru. Usman Nagogo, wanda aka haifa a 1905, ba shi ne babban ɗansa ba, amma shi ya ɗauka ya gyara. Ya sa shi makaranta, ya tafi da shi ƙasashen waje, a 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e, a 1937 ya zama Magajin Gari. Duk abin da Turawa ke nema ga sarki, da duk abin da Katsinawa ke nema, an tara masa tun uban yana da rai. Ita kanta ƙasar ta ƙara daraja a hannunsa, domin da can Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano, daga baya na Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kanta tare da Daura.

Gidan ya kuma riƙe dabarar kakansu ta gane inda girma zai koma tun mutane ba su farga ba. A zamanin da aikin soja abin gudu ne, ana ganin na marasa galihu ne, ba mai ba soja 'yarsa da daɗin rai, sai ga Hassan ɗan Sarki Nagogo ya shiga soja a 1956. Bayan shekara goma, a 1966, shi ne Gwamnan soja na Jihar Arewa baki ɗaya.

Alhaji Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, yana da shekara kusan tamanin, bayan ya yi shekara talatin da bakwai da ɗoriya a Gidan Korau. Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, ya rubuta tarihinsa da Hausa, ku 'yan makaranta ku neme shi a laburare. Nagogo ya gaje shi ya yi mulki har 1981, sai ɗansa Muhammadu Kabir Usman har 2008, a shekarar kuma aka naɗa Abdulmumini Kabir Usman. Babban filin wasa na birnin Katsina sunan Dikko yake ɗauke da shi. Dallazawa suna nan da zuriyarsu a ƙasar Katsina, amma tun daga 1906 sarautar ba ta sake komawa gidansu ba.

Allah ya jiƙan Sarki Dikko, ya jiƙan Sarki Abubakar da Sarki Yero, da matan gidajensu waɗanda ba a rubuta mana sunayensu ba, amin.